Sunan da Mu ke Kiran Marar Lafiya da Shi

Akwai wata al'ada a bakinmu wadda ya kamata mu dube ta da kyau. Idan zazzaɓi ya kama mutum, mu kan ce yana fama da zazzaɓi, in ya warke kuwa maganar ta wuce. Amma idan kuturta ce ta kama shi, ba mu cewa yana fama da ita, sai mu ce kuturu ne. Cutar ta zama sunansa ke nan. Haka kuma mu ke yi da makaho, da gurgu, da mahaukaci. Shin wannan sabon harshe ne kawai wanda ba ya cutar kowa, ko kuwa yana koya wa zuciya wani abu a ɓoye?

Mu tuna da mutumin nan na Betanya wanda Ubangiji ya ci abinci a gidansa, kamar yadda Markus ya rubuta cikin sura 14. Siman ne sunansa, amma da cutarsa aka san shi. Masana da yawa suna ganin ya riga ya warke, gama bisa ga shari'ar Musa mai irin wannan ciwo ba ya zama cikin jama'a, balle ya tara baƙi. In haka ne, ciwon ya tafi, sunan kuwa ya zauna.

Akwai kuma wani abin da masu karatu da yawa ba su lura da shi ba. Kalmar Ibrananci da aka juya mana da "kuturta" cikin Littafin Firistoci sura 13 da 14 ta ƙunshi ciwace-ciwacen fata iri iri, har da tabon da kan fito a tufa da bangon ɗaki. Ba daidai ta ke da cutar da likitoci ke kira kuturta a yau ba. Amma da shi ke kalma ɗaya aka ba su duka, sai mutane suka ɗauki dukan nauyin ƙazanta da keɓewa suka ɗora wa maƙwabcinsu marar lafiya.

Ga kuwa gaskiyar cutar. A shekara ta 1873 wani likita a ƙasar Norwe, mai suna Hansen, ya gano ƙwayar da ke kawo ta. Ba gādo ba ce, ba kuwa la'ana ba. Mutum wajen 95 cikin 100 jikinsu ba ya kamuwa da ita ko sun zauna da mai ita. Tana warkewa da magani cikin wata 6 ko 12, tun 1995 kuma ana ba da maganin kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Yatsun da mu ke gani sun gundule, ba cutar ce ta cinye su ba: jijiya ce ta mutu, mutum ya ƙone ko ya yanke bai ji zafi ba, miki ya yi ta ci.

To, a nan ne maganar bakinmu ta ke yin ɓarna. Mace ta ga wani tabo a jikinta wanda ba ta jin taɓi a wurin. Ta san abin da za a kira ta, da abin da za a kira 'ya'yanta ranar da aka zo neman aurensu. Sai ta rufe shi da zane shekara da shekaru, har jijiyar ta lalace. Ba ciwon ta guda ba, sunan ta guda. Mu da muka yi ta jifan juna da kalmar cikin wasa da zagi, muna da hannu cikin wannan jinkiri, ko da ba mu taɓa ganin matar ba. Saboda irin wannan ne ƙasar Barazil ta yi doka a 1995, ta cire tsohuwar kalmar daga takardun gwamnati, aka koma kiran cutar da sunan Hansen.

Wani zai ce, ai canja suna ba ya canja zuciya, wanda ya ƙi cin tuwo tare da mutum zai ƙi ko da wane suna aka kira shi. Wannan magana tana da gaskiya a ciki, kada mu yi saurin ture ta. Lalle akwai lallausan baki wanda munafunci ne zalla. Ba kuwa muna cewa a ɓoye sunan cutar ba, gama wanda ba a gaya masa abin da ke damunsa ba, ba zai nemi magani ba. Abin da mu ke cewa shi ne, da bambanci tsakanin faɗin abin da mutum ya ke da shi da faɗin abin da shi ne. Wanda muka ce yana da ciwo, mun bar masa sana'arsa, da gidansa, da begen warkewa. Yaro kuma ba ya koyon ƙyama daga littafi, daga bakin manya ya ke ɗaukarta tun bai san ma'anarta ba.

Abin da ya fi wuya shi ne karin maganarmu, gama kakanninmu sun bar mana da yawa a kan kuturu da makaho, waɗansu ma da hikima ƙwarai. Ba mu ce a zubar da su duka ba. Sai dai sa'ad da ƙungiya ta taru a wannan mako, bari kowa ya kawo ɗaya da ya sani, a auna ko za a iya faɗinsa idan mai ciwon yana zaune a kan benci ɗaya da mu.