Tausayi Ko Sakaci?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya kai ɗan'uwa matashi, a ce mahaifinka a Gidan Dare ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. An kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, masu gashin ƙashi suka ce a riƙa motsa masa hannu da ƙafa kullum. Ka fara, ya ce ya gaji, ka ƙyale shi. Shin ƙyalewar biyayya ce?

Ka sani, wannan ciwo ba shafar iska ba ne. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, galibi saboda hawan jini. Maimaita motsi shi ke sa sassan da suka tsira su koyi aikin, kuma an fi samun sauƙi a wata 3 zuwa 6 na farko. Kwanciya kuwa tana sandarar da gaɓoɓi, ta kawo gyambo.

To, tausayin da zai bar Baba kwance sakaci ne. Lallashe shi, kada ka tsawata masa. In zafi ya yi yawa, koma wa likita. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.