Wa Zai Yashe?

Ɗana, takardar nan da kuka rubuta kai da abokanka, wadda kuke son kaiwa in an zauna kan kasafin kuɗin baɗi, sau biyu na sa aka karanta mini. Rubutu ya yi kyau. Buhunan siminti, rodi, tsakuwa, kuɗin magina, duk kun jera su ba gyara. Abu ɗaya na yi ta saurare ban ji ba, shi ya sa na aika a kira ka. Kun ce a gina kaniwo, wato magudanar ruwa, daga bakin kasuwa har bayan gari. To, in an gina, wa zai yashe shi, kuma da kuɗin wa?

Kada ka ɗaure fuska. Na san abin da ya zaburar da ku. Duk wanda ya ga damanar 2024 ba zai sake raina ruwa ba. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, da ya haura shekara 150 a tsaye, ya zube ƙasa, kuma kusan rai 400 ambaliya ta ci a faɗin Nijar. Tsoronku yana kan hanya. Ka kuma ce mini Bune ba ƙauye ba ne da za a bar shi haka. Wa ya ce ƙauye ne? Muniyoma, sarkin Muniyo, a nan ya zauna kafin sarauta ta koma Gure, kuma Bature Barth ya ratso ta nan a ƙarshen 1852. Amma girman gari daban, irin ƙasar da garin yake zaune a kanta daban.

Mu a cikin rairayi muke. Ka bar ƙwarya a tsakar gida kwana uku cikin hunturu, ka dawo ka ga abin da iska ta zuba mata. Kaniwo buɗaɗɗe ƙwarya ce mai tsawo. Wata takwas ko tara ba ɗigon ruwa, iska tana cika shi da yashi, leda da bawon rake suna bi, mata suna juye tokar murhu. Ranar da hadari ya haɗo, ruwa zai tarar da hanyarsa a toshe, ya hau ta kai, ya nufi gindin katangar mutane. Abin da ya rage ya kwanta a ciki ya yi baƙi, sauro ya samu gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yasa aikin watan Mayu ne, kuma mai shebur da mai amalanke ba sa aiki da addu'a.

Ga yadda kuɗin hukuma yake, tunda kai boko ka yi, ni zaman duniya. Kasafi gida biyu ne, na gine-gine da na tafiyar da aiki. Na gine-gine yana da masu so. Hukumar ANFICT tana taimaka wa kwamin da shi, masu furoje ma shi suke so, don ana kafa allo, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. Kuɗin yasa da gyara kuwa yana ɗaya gidan, inda albashi da man mota suke fara cin rabonsu, kuma daga lanho da tikitin kasuwa yake fitowa, wato daga aljihun talaka. Shekarar da gero bai yi ba, lanho ba ya shiga. Tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun kwamin, kantoma ne ke riƙe da alƙalami, amma lissafin bai canza ba. Abin da ba a rubuta masa layinsa ba, ba a fitar masa da ko dala.

A wani gari da nake kai kanwa da ƙuruciyata, an taɓa gina masai mai ƙofa shida a bakin kasuwa. Ranar buɗewa har da makaɗa. Shekara ta farko wani dattijo ne ke zaune a bakin ƙofa da butoci da tsintsiya, ana ba shi abin da ya samu. Da ya kwanta ciwo ba a sa kowa ba. Bayan damana biyu na koma, na tarar ƙyaure huɗu sun tafi, ramin ya cika har baki, tsutsa na yawo a kan dakali, ƴan kasuwa sun koma bayan ginin suna tsugunawa. Ginin kansa ko tsagewa bai yi ba. Har yau in na tuna, warin nake fara ji.

Kuma a ganina kun fara da abin da ba shi ne kan gaba ba. Ruwan sama baƙo ne, wata uku ya tafi. Ruwan wanka da na wanke-wanke da ke bin rariya yana fita lungu, da abin da ke cikin masai, su ne ƴan gida. Ko Yamai ba ta da bututun da ke kwashe ƙazantar gari gaba ɗaya. Gidaje da ramukansu suke, mota ke zuwa ta zuƙe, ruwan datti mai yawa kuma ta kwarin Guntu Yena yake gangarawa kogi. Balle mu. Ruwan wanka, rami ne a haƙa a ƙofar gida, a cika shi da duwatsu, a rufe, ƙasa ta shanye. Dutse kuwa Allah bai hana Muniyo ba.

Masai ne ke son hankali. Ka san kwarurrukanmu, inda dabino da goriba da rogo suke, ruwa kusa yake, wani wuri guga ba ya cin igiya gaba biyu. Albarka ce, amma abin da ka zuba a rami ba ya nisa kafin ya gaisa da rijiya. Masana tsafta sun ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, gindin ramin kuma ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Ba don ado suka faɗa ba. Kwalarar 2021 ta kama fiye da mutum 5,000 a ƙasar nan, jihar Damagaram na ciki, ciwon hantar da ya ɓarke a Diffa a 2017 shi ma ta gurɓataccen ruwa ya bi.

Sai mutumin da ba ku ambata ba ko sau ɗaya, mai kwasar masai. Da dare yake zuwa da bokiti da igiya, ba safar hannu, ba takalmi, da safe mu ƙi ba shi hannu. Ka taɓa tambayar inda yake zubarwa? Ni na bi na gani. Ramin da ya fi kusa, wanda ruwan farko zai wanke ya kai kwari. A takardarku a sa masa kayan aiki da lada tsayayye, a roƙi masu gari su yanka fili a kan tudu, nesa da rijiyoyi, inda za a riƙa binnewa.

Ban ce ku yaga takardar ba. Inda ruwa ke cin hanya, kaniwo gajere mai murfi yana da amfani. Ku rage tsawonsa, abin da ya ragu ku rubuta shi da sunansa, kuɗin yasa na kowace shekara, da wanda zai riƙe shi, da watan da za a fitar. Ranar Juma'a bayan la'asar ka zo da igiya da abin awo, ka taho da biyu daga cikin abokan naka. Za mu fara da rijiyar bayan gidan nan, mu auna zurfin ruwanta, sannan mu taka mu ƙirga daga bakinta zuwa masan gidana, don ni ma ban taɓa aunawa ba.