Mita 13

Wani yaro ɗan Dannet, ɗan makiyaya, ya zo Arlit karatun lise. Yana zaune a Akokan wajen kawunsa, wanda ya yi aiki a mahaƙar COMINAK har aka rufe ta a 2021. Yaron kansa na ja, amma ya mai da kimiyya hadda: a ba shi lambobi ya zuba a ƙa'ida, shi ke nan.

Ana shirin jarrabawar bak, malaminsu, Mushe, ya rubuta a allo: hasken leza ja, zangonsa nanomita 650, ya bi ta tsaga biyu masu tazarar milimita 0,1, ya sauka a bango mai nisan mita 2. Mene ne tazarar layukan hasken? Yaron ya ninka zango da nisa, ya raba da tazarar tsagogin, ya riga kowa ɗaga hannu.

"Mita 13, Mushe."

"Ajin nan faɗinsa nawa, ɗana?"

"Ba zai wuce mita 8 ba."

"To layi na biyu ina zai sauka?"

Yaron ya yi tsuru. Wajen juya nanomita zuwa mita ya zame, kuma tunda bai taɓa ganin abin da yake lissafawa ba, babu abin da ya tsayar da shi.

Washegari Mushe ya zo da gilashi, ya turara shi da hayaƙin kyandir har ya yi baƙi ƙirin. Ya haɗa reza biyu ya ja layi a kan gilashin, tsaga biyu suka fito, aka rufe tagogi, ya haska leza. Sai ga jajayen ɗigo a jere a bango, duhu na raba su. Ya miƙa wa yaron abin awo. Yaron ya auna, hannunsa na rawa: wajen milimita 13.

"Amma Mushe, haske ya haɗu da haske, ina duhu ya fito?"

"Ka taɓa jefa tsakuwa biyu a kwamin shayar da raƙuma? Inda tudun igiya ya haɗu da tudu, ruwa ya ƙara tashi. Inda tudu ya haɗu da kwari, ruwa ya kwanta luf. Duhun nan ke nan."

Ya ƙara musu da cewa Thomas Young na Ingila ne ya nuna cewa haske ma igiya ne a farkon ƙarni na 19. A 1924 Louis de Broglie na Faransa ya ce ilektaron ma yana da igiya. A 1989 a Japan, Akira Tonomura da abokan aikinsa suka riƙa sakin ilektaron ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya bar ɗigonsa, sannu a hankali ɗigogin suka jeru layi-layi.

Daga ranar, duk lissafin da aka ba yaron sai ya fara zana tsagogin da bangon, ya ƙiyasta girman amsar da ido, sannan ya ɗauki alƙalami ya ninka.