Gemun ɗan'uwa da hannun mai jinya

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Akwai masu jin wannan magana su ce ai son kai ne, ɗan'uwa na ƙonewa kai kana ta gemunka. Ni ban ɗauke ta haka ba. Magabata ba su ce ka ranta a na kare ba. Wanda ya gudu ba ya bukatar ruwa a gemu, nisa ya ishe shi. Mai shafa ruwa shi ne wanda ya ƙudurta zai matso ya kashe wutar, ya kuma san idan nasa ya kama, masu ihu sun zama biyu, babu mai ɗebo ruwa.

Ban san inda maganar nan ta fi nauyi ba kamar ɗakin jinya a lokacin zazzaɓin Lassa. A shekarar 1969 aka fara gane cutar, a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu, aka kai ta Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta, da ɗan rauni a yatsa, ita ma ta bi ta. A 1970 likita Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawa a Jos ɗin, rai ya yi halinsa. Ba na nesa cutar ta fara ɗauka ba, masu hidimar majinyaci ta ɗauka.

Asalinta daga ɓera ne, wani mai nonuwa da yawa, wanda ke barin fitsari da kashi a kan hatsin da aka shanya ko tuwon da aka bari a buɗe. Shi ya sa take tsananta da rani, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, musamman a Ondo da Edo da Bauchi da Taraba. Amma da ta shiga jikin mutum, jini da amai da fitsari da bayan gida su ne hanyarta zuwa na kusa da shi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ba ta zuwa da kamanninta. Zazzaɓi ne da ciwon kai da kasala da ciwon maƙogwaro, kowa ya ce maleriya ce ko taifot. A je kemis a karɓo magani, a kira mai allura ya sa ƙarin ruwa a tsakar gida. A waɗannan kwanakin, kafin kowa ya ambaci sunan Lassa, uwa na share amai da hannu, mata na wanke zanin gado, yara na shan ruwa da kofin baba.

To mene ne ruwan da mai jinya zai shafa? Mutum ɗaya ya tsaya a kan majinyaci, ba yau wance gobe wance ba, kuma kada ta zama mai juna biyu, domin a ƙarshen ciki cutar kan tafi da ɗan, sau da yawa har da uwar. A ware masa kofi da kwano da cokali da fo. Safar hannu kafin a taɓa duk abin da ya fito daga jikinsa, in babu a zura hannu cikin leda mai kauri marar huji, a sa takunkumi saboda fantsama. Sabulu da ruwa kafin shiga da bayan fita. Inda amai ko jini ya zuba a kwarara ruwan bilic: irin mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, ma'auni ɗaya a ma'auni shida na ruwa, a haɗa sabo kullum.

Wannan duka mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne kunya. "Ni zan ƙyamaci mahaifiyata? Ita da ta wanke min kashi?" Wata kuma ta ce, "Cuta ba ta kama mutum sai Allah ya nufa." Gaskiya ne, amma Sayyidina Umar ya fi mu sanin ƙaddara, kuma da labarin annoba ya iske shi a hanyar Sham, juyawa ya yi da jama'arsa. Safar hannu ba ƙyama ba ce. 'Yar da ta sa ta, ita ce za ta kasance a tsaye ranar da za a nemi mai dama kunu da mai biyan kuɗin magani. Haka zancen dubiya. Zumunta a ƙafa take, na yarda, amma a kwanakin nan "Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi" daga bakin ƙofa ko ta waya ta wadatar.

Gida kuwa ba wurin warkar da Lassa ba ne. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya bayan kwana biyu zuwa uku na asibiti ne, a kuma faɗa wa likita komai kafin ya taɓa majinyacin, ko a kira hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC a lamba 6232. Maganin ribavirin ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana shida na farko. Jinkiri na iya kai wa ga zubar jini, wasu da suka tashi ma sukan rasa ji. Idan ta Allah ta kasance, kada a gaggauta wanka irin na kullum, domin gawar na ɗauke da cutar. Jami'an lafiya suna da hanyar suturta mamaci da mutunci, a yi masa salla, ba tare da an jefa masu wanka cikin haɗari ba. Wanda ya yi jinya kuma ya riƙa auna zafin jikinsa har kwana 21, in ya ji zazzaɓi ya nufi asibiti ya faɗi wanda ya yi jinya.