Idan Na'ura Ta Nuna, Alhakin Yana Wuyan Wa?

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2020, wasu mutane ɗauke da bindigogi suka shiga Massalata, ƙauyen da ke dab da Birnin Ƙonni, cikin dare, suka yi awon gaba da wani Ba'amurke mazaunin wurin, suka ƙetara da shi iyaka. Ba a cika mako guda ba, ranar 31 ga watan, sojojin Amurka suka dira a wani daji na arewacin Najeriya, suka kuɓutar da shi, suka kashe yawancin masu tsaronsa. Jaridun Amurka sun ruwaito cewa sawun salular ɓarayin aka bi har inda suke. An daɗe ana zancen a fadodin shayi na Ƙonni, kuma tambayar da na fi ji a bakin mutane ita ce: ashe ana iyawa? To, me ya sa namu da ake sacewa suke yin watanni a daji, sai dangi sun sayar da gona da shanu? Wannan tambaya tana da nauyi, kuma duk wanda zai yi magana kan shigar na'ura mai basira cikin aikin soja, wajibi ne ya fara da jin nauyinta kafin ya buɗe baki da suka.

Bari mu fayyace abin da ake nufi, domin sunan da aka ba shi, wato ƙirƙirarriyar basira, ya fi shi kwarjini. Jirgi maras matuƙi yana iya yini ya kwana a sama yana ɗaukar hoto, hasumiyoyin waya kuma suna ajiye bayanin wanda ya kira wane, da ƙarfe nawa, daga ina. Bayanan sun fi ƙarfin idon ɗan Adam. Sai aka ƙera manhajar da ake nuna wa dubban misalai, a ce mata wannan motar yaƙi ce, wannan taron mayaƙa ne, har ta koyi ware abin da ya yi kama da su, ta ce wa soja: duba nan. Ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa irin wannan shiri a 2017 da sunan Maven. Jiragen kuwa sun riga sun san samaniyarmu. Amurkawa sun tashe su daga sansaninsu na Agadas tun 2019 har suka fice a watan Agusta na 2024, Faransawa sun ɗora wa nasu makamai a Yamai a ƙarshen 2019, Nijar ma ta karɓi nata samfurin Bayraktar TB2 daga Turkiyya a 2022. Manhajar da ke karanta hotunan ita ce hajar da kamfanonin makamai ke tallatawa yanzu, kuma inda saniya ta shiga, maraƙi ba ya tsayawa a waje.

Hujjar soja a fili take. Ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, da iyakokin da ba katanga. Ranar 21 ga Maris na 2021 mahara a kan babura suka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya, cikin wannan jiha tamu ta Tawa. Da akwai idon da ya hango ayarin baburan tun suna nesa, da wataƙila wasu marayun yau suna da uba. Ni dai ba zan iya kallon sojan da ke kwana a rami domin in kwana a ɗaki, in ce masa ya jefar da irin wannan ido ba.

Amma me idon yake gani? Kama yake gani. Lissafinsa shi ne: wannan ya yi kama da wancan da kashi kaza cikin ɗari. A Hausa sunan wannan zato, kuma iyayenmu sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Mai karatu ya ɗauki alamomin da aka saba ambatawa idan ana kwatanta ɗan bindiga: yana hawa babur, yana tafiyar dare, yana bin hanyar daji ya kauce wa shingen jami'ai, yana ɗauke da jarkokin mai, yana da layin waya na ƙasa biyu. Sa'an nan ya tsaya a bakin hanyar Ƙonni zuwa Illelar Najeriya ranar kasuwa, ya ƙirga mutum nawa ne suka tsira daga wannan siffa. Ɗan kabu-kabu yana cikinta. Mai sayar da ruwa-ruwa a kwalabe yana cikinta. Manomin albasa na Galmi da ke kai wa injin ban-ruwansa mai kafin asuba yana cikinta. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli na 2023, har zuwa Maris na 2024, hanyar daji ita ce hanyar kowa, har da tsohuwa mai zuwa gaisuwar mutuwa. Rayuwar bakin iyaka gaba ɗayanta ta yi kama da abin zargi ga wanda ya koyi duniya daga sama.

Akwai kuma matsalar da sana'ata ta sa na sani fiye da janar. Na'ura ba ta da abinci sai rubutattun bayanai, namu bayanan kuwa kowa ya san halinsu. A rajistar aji guda nakan sami yara uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Sunan da na rubuta Mahamadou a darasin Faransanci, shi ne Mahammadu a darasin Hausa, shi ne Mohammed a takardar da aka yi wa yaron a Sakkwato. Iyaye da yawa takardarsu cewa take « né vers », wato an haife shi wajajen shekara kaza, wasu kuma an tattara su duka an ba su 1 ga Janairu. Garuruwan ma haka: ga Illela ta Nijar a hanyar Tawa, ga Illela ta Najeriya a kudu da Ƙonni, ga kuma Alela a yamma. Ni idan na rikice, sai in ɗaga kai in ce wanne daga cikinku, yaran su yi dariya, a wuce wurin. A ɗakin da ake zaɓar inda bom zai faɗa babu mai dariyar da zai gyara kuskure.

Kuskuren kuma ba hasashe ba ne. Ranar 3 ga Janairu na 2021, a Bunti ta ƙasar Mali, jiragen Faransa suka kai hari kan taron maza bayan jirgi maras matuƙi ya daɗe yana kallonsu. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce taron biki ne, kuma 19 daga cikin mamatan farar hula ne, Faransa ta dage cewa mayaƙa ne. Ranar 3 ga Disamba na 2023, a Tudun Biri ta jihar Kaduna, jirgi maras matuƙi na sojan Najeriya ya jefa bom kan masu Maulidi, mutum 85 aƙalla suka rasu. Ranar 25 ga Disamba na 2024, a yankin Silame na jihar Sakkwato, harin da aka ce an nufi Lakurawa da shi ya bar gawar ƙauyawa goma aƙalla, sojoji suka ce fashewar makaman ƴan bindigar ce ta kashe su. Mai son na'ura zai ce: ai ka ga, idon mutum ne ya ɓata a nan, a bar wa manhaja. Sai dai manhajar daga hukuncin waɗannan idanun take koyo. Wanda bai bambance taron Maulidi da taron mayaƙa ba, shi ne malaminta. Abin da za ta ƙara shi ne sauri. A watan Afrilu na 2024 mujallar +972 ta ruwaito daga bakin wasu jami'an leƙen asirin Isra'ila cewa wata manhaja mai suna Lavender ta jera sunayen mutum kusan 37,000 a Gaza, kuma wani jami'i ya ce daƙiƙa 20 yake ba kowane suna kafin ya amince. Rundunar Isra'ila ta musanta wannan bayani. Ko ma dai yaya ne, mai karatu ya gwada: daƙiƙa 20 ba ta isa a gama gaisuwar safe a Ƙonni ba.

A nan ne wani abokin aikina, malamin tarihi, ya taɓa tare ni da maganar da ta hana ni barci. Ya ce: kai ɗan Ƙonni ne kake yabon hannun ɗan Adam? Waɗanda suka ƙone garin nan, na'ura ce ta aiko su? Gaskiyarsa. A watan Mayu na 1899 rundunar Kyaftin Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni, makonni kaɗan bayan karonta da Sarauniya a Lugu, ta kashe dubban mutane. Waɗanda suka yi wannan aiki suna ganin fuskar wanda suke kashewa, suna jin kukansa, ba allo tsakaninsu. Kusanci bai haifar da tausayi ba. Wanda duk ya ce a bar kisa a hannun mutum domin mutum mai jinƙai ne, bai karanta tarihin garinmu ba.

Amma da na sake bin labarin a hankali, sai na ga wani abu dabam. Yaya aka yi duniya ta ji? Wani hafsa mai suna Péteau, wanda aka kora daga rundunar tun farkon shekarar, kuma shi kansa hannunsa ba tsarkakakke ba ne, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana ba ta labarin ta'asar da ya gani. Wasiƙar ta bi hannu-hannu har ta kai ga ministan ƙasashen mulkin mallaka a Paris, aka umarci Laftanar-Kanar Klobb ya bi sawunsu. Ya bi su ta kufai da gawawwaki, ya ratsa Ƙonni bayan an ƙone ta, ya cim musu a Dankori, wajajen Tasawa, ranar 14 ga Yuli. Voulet ya sa aka harbe shi. Kwana biyu bayan haka sojojin Afirka da ke ƙarƙashinsu suka juya musu baya, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17. Kaburburansu suna Maijirgi har yau. Ba na cewa wannan adalci ne. Ƙonni ta riga ta ƙone, sauran rundunar kuma ta ci gaba ta kama Damagaram a ƙarshen watan. Abin da nake nunawa shi ne, sarƙar da aka ƙulla da mutane tana da wuraren tsinkewa. Wani yakan ji haushi ya tona asiri, wani yakan ji kunya, wani yakan gaji ya ce ba zan ƙara ba. Manhaja ba ta da budurwar da za ta rubuta wa wasiƙa. Kowane mutum da aka cire daga sarƙar aka sa lissafi a gurbinsa, an rage shaida guda, an rage bakin da zai iya cewa a'a.

Ƙarshen labarin ma akwai darasi a cikinsa. Da gwamnatin Faransa ta rufe bincikenta a 1902, bayanin da aka tsaya a kai shi ne zafin ƙasar Sudan ne ya taɓa hankalin hafsoshin biyu. Wato an ɗora wa rana laifi. Hukuma, kowace iri ce, tana son mai laifin da ba a iya kai shi gaban alƙali. Jiya rana ce, gobe za a ce na'ura ce ta yi kuskure, kamfanin da ya ƙera ta yana wata nahiya, yadda take lissafi kuma sirrin ciniki ne.

Hausa tana da kalmar da na kasa samun takwararta cif a Faransanci duk shekarun da na yi ina koyar da harsunan biyu, ita ce alhaki. Alhaki ba ya tsayawa a iska, sai ya sami wuyan da zai hau. Fiƙihun da aka karantar da mu a zaure ya san kisan kuskure, bai kuma daidaita shi da na ganganci ba. Duk da haka bai bar shi ya tafi a banza ba: akwai diyya a kan dangin wanda ya yi kisan, akwai kaffara a kansa shi kaɗai, azumin wata biyu a jere. Hikimar a nan ita ce, ko da ba ka yi nufi ba, ran da ya fita ta hannunka sai ka ji shi a jikinka. Na'ura ba ta azumi. Idan aka ce ita ta zaɓa, to an sami mamaci, an sami maraya, an rasa mai kaffara, kuma al'ummar da ta saba da irin wannan kisa za ta wayi gari jinin ƙauyawa ya zama kamar ɓarnar ruwan sama, abin da ake jajantawa a wuce.

Saboda haka matsayina shi ne a karɓi idon, a hana shi zama alƙali. A bar manhaja ta tace hotuna, ta gano inda aka tono hanya aka binne nakiya, ta lissafa man motoci da magungunan rauni, ta ce duba nan. Amma tsakanin duba nan da harba, lalle a sami mutum mai suna da muƙami, wanda ya san ƙasar, ya san cewa watan Maulidi ne, ya san ranar kasuwar kowane gari, aka kuma ba shi lokacin da ya isa ya yi shakka. A rubuta sunansa a ajiye, domin ranar da aka yi kuskure a sami wanda za a tambaya. Bayan Tudun Biri, a watan Mayu na 2024, hedikwatar tsaron Najeriya ta ce jami'ai biyu za su gurfana gaban kotun soja. Ko me mutum zai ce game da abin da ya biyo baya, an iya furta wannan magana ne domin akwai mutanen da za a nuna.

Wasu daga cikin yaran da na koya wa haɗa jimla yau suna sanye da kaki, kuma mai yiwuwa ɗayansu ne zai zauna gaban wannan allo. Zai ga ɗigo shida suna tafiya a hanyar daji tsakanin Dogarawa da iyaka da ƙarfe huɗu na asuba, manhaja ta zagaye su da jan layi ta rubuta kashi 90 cikin ɗari, na sama da shi yana tsaye a bayansa yana duban agogo. Abin da nake roƙa masa a wurin manyansa shi ne, idan ya ce ranka ya daɗe, ban tabbata ba, wataƙila masu albasa ne, kada wannan magana ta ci masa galarsa.