DARASI NA GOMA SHA HUƊU: WAYON ƊAN CACA DA HIKIMAR MAI BI

Abin karantawa: Luka 16:1-13, Luka 14:28-33, 1 Timothawus 6:6-10.
Ayar haddacewa: Luka 16:13.

Gabatarwa

A cikin karatunmu na yau Ubangiji Yesu ya ba da misalin wakili marar gaskiya, wanda ubangidansa ya yaba masa saboda wayonsa. Ba rashin gaskiyarsa aka yaba ba. Abin da Yesu ya ke nufi shi ne, mutanen duniya sukan fi masu bi himma da lura cikin al'amuransu. Domin mu gane wannan, bari mu duba wata cacar karta da a ke kira foka, wadda samari da yawa su ke yi yanzu ta intanet, wataƙila har da waɗansu 'ya'yan Ekklisiya.

1. Yadda a ke wasan

Kartar guda 52 ce, iri huɗu, kowane iri goma sha uku. A irin wasan da ya fi yaɗuwa, wanda ya ɗauki sunan Texas ta Amurka, akan ba kowa karta biyu a rufe, sa'an nan a buɗe biyar a tsakiya, uku da fari, sai ɗaya, sai kuma ɗaya. Sau huɗu a ke zuba kuɗi. A kowane zubi mutum ya iya janyewa, ko ya bi, ko ya ƙara.

An fara wannan caca da kuɗi ta intanet a 1998. A 2003 wani akawu, Chris Moneymaker, ya sami shiga babbar gasa ta Las Vegas ta wurin wani ƙaramin wasa na intanet, ya ci dala miliyan biyu da rabi. Labarinsa ya ja dubban mutane. Amma 'yan wasa 839 ne suka zauna a gasar, mafi yawansu kuwa hannu wofi suka tashi. Ba a cika ba da labarinsu ba.

2. Abin da ɗan caca ya fi mu

Na fari, yana lissafi. Ya sani akwai hanyoyi 1,326 da karta biyu za su iya haɗuwa a hannun mutum. In yana da karta huɗu iri ɗaya yana jiran ta biyar, ya san tara suka rage cikin 47 da bai gani ba, watau kamar sau ɗaya cikin biyar ne mai zuwa za ta dace. In kuɗin da ke tsakiya bai wuce ninki huɗu na abin da za ya zuba ba, sai ya janye, ko da zuciyarsa tana so. Ubangijinmu ya yi zancen mai gina hasumiya da sarki mai shirin yaƙi, dukansu biyu suka zauna tukuna suka yi lissafi. Mu nawa ne muka taɓa zama muka lissafta abin da bin Yesu za ya ci mana?

Na biyu, yana lura da ayyuka. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ta intanet ba fuskar da za a tambaya. Saboda haka gwani yakan duba abin da abokin wasansa ya yi: daga wane mazauni ya ƙara kuɗi, nawa ya zuba, ya yi hanzari ko ya yi jinkiri, me ya nuna a wasannin baya. Ba ya cewa, “Lalle karta kaza ce a hannunsa.” Yakan tara dukan abin da mai yiwuwa ne, kowane zubi kuwa ya rage waɗansu, har saura kaɗan. Haka Yesu ya koya mana mu gane annabawan ƙarya ta wurin 'ya'yan da su ke bayarwa (Matta 7:15-20). Masu bi da yawa sukan ruɗe da daɗin baki, gama ba su jira su ga aiki ba.

Na uku, yana bincike kansa. Bayan wasa yakan koma kan abin da ya yi, ya nemi kuskurensa, ko da ya ci. Yana tsoron fushi, domin ya san mai fushi ba ya lissafi. Mu fa, yaushe muka bincike ranarmu a gaban Allah kafin mu kwanta?

3. Inda wayon nan ya ƙare

Kada wani ya ce darasin nan ya halatta caca. Sai mu tambaya, me a ke nema da dukan wannan lura? Ana karanta ɗan'uwa ne domin a gane inda ya ke da rauni a kwashe abin hannunsa. Manomi ya shuka, hatsi ya ƙaru a duniya. Maƙeri ya ƙera fartanya, gari ya amfana. A wurin caca kuwa ba abin da ya ke ƙaruwa. Abin da ka ci wani ne ya rasa, mai gidan caca kuma yana yankar rabonsa daga kuɗin tsakiya, ko wa ya ci. Doka ta goma ta hana ƙyashin abin maƙwabci (Fitowa 20:17), wasan nan kuwa a kan ƙyashin ya ke tsaye. Har burga, watau zuba kuɗi da yawa a kan hannu marar ƙarfi domin a tsorata wani, ana lissafta ta gwaninta ce. Wanda ya saba da ita dare da rana, da wuya ya bar ta a wurin wasa.

Wayon ma ba shi da tabbas. Wanda ya riƙe hannu mafi ƙarfi duka yakan faɗi wani lokaci. A 2017 kuma, a Pittsburgh, wata kwamfuta ta Jami'ar Carnegie Mellon mai suna Libratus ta rinjayi gwanaye huɗu cikin wasa 120,000. Saurayin da ya sa kuɗin makarantarsa ko jarin uwarsa yana dogara ga kaifin kansa, bai ma ga wanda ya ke wasa da shi ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Bulus ya gargaɗi Timothawus a kan masu marmarin arziki, ya kwatanta abin da ya ke samunsu da tarko. Ku tuna kuma da sojojin da suka jefa ƙuri'a a kan rigar Yesu (Yohanna 19:23-24). Mai Ceton duniya yana bisansu, idonsu kuwa yana ƙasa.

4. Wanda ba a ɓoye masa

Ɗan caca yana zato ne kawai, amma Allah ba ya zato. Sama'ila ya dubi tsayin Eliyab, Ubangiji kuwa ya dubi zuciyar Dawuda (1 Sama'ila 16:6-13). Kana iya rufe waya sa'ad da matarka ta shigo, kana iya ɓoye bashi ga ubanka da fasto, amma hannunka a buɗe ya ke a gabansa. Wannan ba abin tsoro kaɗai ba ne. Shi wanda ya san rauninka ba ya nema ya cuce ka, ya ba da ransa ne dominka. In ka faɗa cikin tarkon nan, kada ka ce sai ka mayar da abin da ka rasa tukuna. Ka tsaya yau. Ka faɗa wa wani dattijon Ekklisiya, ka sa wa iyalinka gaskiya a gaba, ka fara biyan bashi da guminka. Mu kuwa da muka ji, mu karɓe shi da tawali'u.

Tambayoyi

1. Me aka yaba wa wakilin nan, me kuma ba a yaba ba?
2. Ina bambancin ribar ɗan kasuwa da cin ɗan caca?
3. Ta yaya za mu lura da mutane domin mu taimake su, ba domin mu ci su ba?
4. Wane abu ka ke ɓoyewa wanda ya kamata ka kawo gaban Allah a makon nan?

Addu'a

Ya Ubangiji, kai da ka san zukata, ka ba mu hikima marar yaudara. Ka koya mana gamsuwa da abin da ka ba mu. Ka kuɓutar da 'ya'yanmu da ke cikin tarkon caca. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.