Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san taura. Ƙwallonta babba ne, namanta kaɗan, kuma a manne yake cikin zare-zare, sai an bi shi da haƙori a hankali kafin zaƙin ya fito. Yaro mai haɗama kan cusa biyu a baki lokaci guda, kumatu su cika, haƙori ya rasa inda zai kama, yawu na zuba, daga ƙarshe ya tofar bai sha zaƙin ko ɗaya ba. Shi ya sa magabata suka ce taura biyu ba ta taunuwa. Ba su ce a jefar da ɗaya ba, a hannu ake riƙe ta har a gama da 'yar uwarta. Tambayar da suka bar wa mai hankali ita ce wacce za a fara kaiwa baki.

Malamin jami'a a yau kwandon taura guda aka ajiye masa. Ga aji, ga takardun jarrabawa, ga ɗaliban digiri na biyu na jiran a duba musu babi, ga kwamiti kan kwamiti, ga maƙalar da in babu ita babu ƙarin girma. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya cinye wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, aka dawo ana matse zangon karatu don a cike giɓi. A irin wannan hali aikin da ya fi ƙara shi ke shiga gaba. Takarda ta fito daga ofishin shugaba, kowa ya ajiye abin da yake yi. An ce tawagar hukumar kula da jami'o'i, NUC, na tafe tantance kwasa-kwasai, sai fenti da share-share. Aikin da ba shi da baki kuwa, sai ya jira.

Cikin marasa bakin nan akwai ziyarar ɗalibai a wuraren koyon aiki. Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971, ta fito da shirin SIWES a 1973, domin masu masana'antu na kukan cewa ana yaye musu matasa masu takarda da ba su taɓa riƙe sifana ba. Ɗalibai dai IT suke ce masa. Ɗalibin injiniyanci ko kimiyya kan yi wata shida a masana'antar roba a Sharada, ko majema a Challawa, ko kamfanin kayan abinci a Bompai, da littafin da zai riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana, kuma a ƙa'ida malaminsa zai je ya gan shi a bakin inji. Sau nawa ake zuwa? Wani yaron aike da jiran ƙofa yake yi har wa'adin ya cika. Wani ma a gida yake cike littafin, ranar ƙarshe a buga masa hatimi. Malamin da zai gano haka yana ɗakin taro ana muhawara kan jadawalin wani taron.

Da za a tambayi majemi a Challawa, da ya warware matsalar a taƙaice. Ɗanyar fata in ta iso daga mayanka, a zafin Kano, ranar take son gishiri. Aka kwana aka wuni, gashi ya fara zuba, wari ya tashi, kuɗi sun tafi. Wadda ta riga ta sha magani a ganga ta fito shuɗi-shuɗi, ita tana iya jira a sito. Majemi ba ya duba wane aiki ne ya fi daraja ko wa ya fi ɗaga murya, wanda zai ruɓe yake fara kamawa. Wata shidan ɗalibi a masana'anta ɗanyar fata ce, sau ɗaya take zuwa a karatunsa. Maƙala in ta ƙara wata guda a kwamfuta ba abin da zai same ta.

A matakin jami'a gaba ɗaya ma haka abin yake, sai dai taurar ta fi girma. Kuɗin asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, daga harajin ribar kamfanoni suke fitowa, har da na Sharada da Challawa da Bompai. In kuɗin sun zo, sha'awa kan tafi ga sabon gini da sabuwar tsangaya, domin su ake yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto. Amma ɗakin gwaji ba wuta, sunansa ɗaki kawai. Masu masana'antun Kano sun fi kowa sanin wannan: rashin wuta da tsadar man janareta, haɗe da kwararar yadin waje, su suka rufe masaƙu ɗaya bayan ɗaya, har Kantin Kwari ta cika da atamfar Sin. Don haka a ganina tashar wutar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a watan Satumba na 2019 taura ce da aka zaɓa daidai. Haka ma Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna da jami'ar ta kafa a 2012: an kama abu ɗaya da ya dace da ƙasarmu aka riƙe shi, har Bankin Duniya ya sa ta cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka.

Akwai wata taurar da aka daɗe ana lasa ba a tauna ba. Dagwalon masana'antun Bompai na bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, na Sharada na bin Salanta, na majemu na gangarawa kogin Challawa, kuma da ruwan nan ake ban-ruwan latas da alayyafon da ke shigowa kasuwanninmu. Ɗalibai sun auna sinadarin kuromiyom da ke ciki, wasu sun zo sun sake aunawa, kundaye na kan kanta suna shan ƙura. An san akwai guba. Abin da ya rage shi ne sashe guda ya ajiye sauran buri, ya zauna da masu majemu shekara uku ko huɗu a kan hanyar tace ruwan da aljihunsu zai iya ɗauka.

Za a ce ƙaramin malami ba shi ke zaɓa ba, kuma gaskiya ne. Kwamitin ƙarin girma maƙala yake ƙirgawa, ba ya tambayar sau nawa ka je Sharada, kuɗin motar ziyarar ma sai an yi ta bi. Saboda haka maganar ta shugabannin sassa ce da na tsangayoyi. Ku ware makon ziyarar IT, ku hana kowane taro a cikinsa, ku biya kuɗin mota kafin a tashi, kuma ku sa ziyarar cikin abin da ake dubawa ranar ƙarin girma.